Maraya Mai Uba

Duk wanda ya taso tare da Mansur a Gozaki zai gaya maka ƙafarsa ta hagu ba irin ta sauran yara ba ce. Da kaka, idan an gama yankan dawa an kwashe kara, samari sukan share wata gona a bayan gari su kafa duwatsu a madadin raga. A nan ya koyi ƙwallo, ba takalmi, tsakanin tushiyoyin dawa masu yanka tafin ƙafa kamar aska. Ba shi da jiki, gudunsa ma ba na a zo a gani ba ne, amma idan ƙwallo ta faɗo gabansa kusa da raga, mai tsaron gida sai dai ya tafi ɗauko ta a gonar maƙwabta. Tun a nan aka sa masa Bahago, sunan kuma ya bi shi har ƙasashen da ba su san ma'anarsa ba.

Shi ne ɗan fari a gidan Malam Rabe, manomin auduga da barkono. Asalinsu Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Yaren ya tafi, kunyar ta zauna. Malam Rabe bai taɓa kiran sunan Mansur ba. Idan yana son aikensa sai ya dubi wani wuri ya ce, "Ku ce wa wancan ya ɗauro shanu." Inna Ladidi ma haka take, sai dai ita takan ɓoye masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo. Ƙannensa, su Zaituna, suna hawa cinyar uban suna ja masa gemu, shi kuwa tsakaninsa da Baba gaisuwar safe ce, sai aikin gona. Kowa a garin ya san al'ada ce, ba ƙi ba. Mansur ma ya sani. Amma akwai abin da kai ke ganewa zuciya ta ƙi yarda.

A kan ƙwallo sau ɗaya Malam Rabe ya taɓa magana, shi ma ba da Mansur ya yi ba, da fartanyar da yake gyara wa ƙota ya yi. Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin rumbun da ƙwallo ta cika ba." Bai hana shi ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba.

A wata gasar ƙauyuka da aka yi a Kafur kocin wata ƙungiya ta Malumfashi ya gan shi, ya ɗauke shi. Daga Malumfashi sai Funtua, inda ya fara sa takalmin ƙwallo na kansa, ya kuma gane cewa ana iya biyan mutum don ya yi abin da yake yi kyauta a gona. Daga Funtua sai wata ƙungiya a Kaduna. A can ya faɗa hannun Alhaji Maiwada, dillalin 'yan wasa, mutum mai wayoyi uku da turare mai riga shi shiga ɗaki. Shi ya yi masa fasfo, ya kai shi Sudan.

Sudan ba ta yi masa wuya ba. Ya tarar da Hausawa a kasuwa, ya sami mai tuƙa masa tuwo ranar Juma'a, ya ci ƙwallaye har aka san shi. Tunisiya ce ta koya masa zaman benci. Kakar wasa guda ya yi yana ɗumama jiki a gefen fili, sai an kusa tashi a sa shi, ko a manta da shi. Da Alhaji Maiwada ya kira shi ya ce ya samo masa gwaji a Turai, bai tambayi wace ƙasa ba. Sai a filin jirgi ya ji sunanta, Moldoba, bai kuma taɓa jin ta ba ko a gidan kallon ƙwallo.

Su uku aka kira gwajin, gurbi kuwa ɗaya ne: shi, da wani ɗan Ghana, da wani ɗan Brazil mai gudu kamar barewa. Bayan an gwada su, mai ƙungiyar ya gayyace su cin abinci ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ne mai gonakin inabi, wanda kowa a garin ya san a gidan marayu ya tashi. Ranar da aka zo kan Mansur, tsohon ya tambaye shi ta bakin tafinta, wane irin gari ya fito, mahaifinsa kuma wace sana'a yake yi.

Mansur ya buɗe baki zai ce manomi ne, sai ya ji takalmin Alhaji Maiwada a kan ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur. Alhaji ya yi ajiyar zuciya, ya ce da Turanci uban ya rasu tun yaron yana ƙarami, shi ya raini kansa.

Tsohon ya ajiye cokali ya zuba wa Mansur ido. Mansur ya sunkuyar da kai, yadda duk ɗan da aka haifa a Gozaki zai yi idan babba ya kalle shi. Tsohon ya ɗauka baƙin ciki ne. Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya kawo ruwa.

Da suka fito Mansur ya ce, "Alhaji, Babana fa yana nan da ransa."

"Allah ya ƙara masa tsawon rai," in ji Alhaji Maiwada, yana duba ɗaya daga cikin wayoyinsa. "Kai ba ka ga gudun ɗan Brazil ɗin nan ba? Me kake da shi wanda ba shi da shi? Mutanen nan ba ƙafa kaɗai suke saye ba, har da labari. Kuma daga nan zuwa Gozaki wa zai ji? Da wane yare?"

Shi aka ɗauka.

Ya kuwa yi wasa. Sanyin ƙasar har cikin ƙashi yake shiga, abincinsu ba yaji, amma raga dai raga ce a ko'ina. Tun yana Malumfashi, idan ya ci ƙwallo yakan ɗaga ɗan yatsa sama, ma'ana Allah ɗaya, shi ya ba shi. A Moldoba mai sharhin wasa ya fassara wa jama'a abin da kansa: ga marayan nan yana gaishe da mahaifinsa a sama. 'Yan kallo suka kama. Duk ranar da ya zura ƙwallo sai filin gaba ɗaya ya ɗaga yatsa tare da shi. Wata tsohuwa mai wankin rigunan ƙungiyar ta saƙa masa hular sanyi da hannunta. Ya karɓa, ya yi godiya, ya kasa sa ta.

Da abin ya tsaya a nan, da ya iya ce wa kansa laifin Alhaji ne. Amma a ƙarshen kakar wasan wani gidan talabijin ya zaunar da shi, aka kunna masa fitilu, wata mata ta tambaye shi ko yana tuna fuskar mahaifinsa. Alhaji Maiwada yana Kaduna a lokacin, ba wanda ya taka masa ƙafa. Mansur ya dubi kyamara ya ce da guntun Turancinsa, kaɗan-kaɗan yake tunawa, mutum ne marar yawan magana. Ya ce ciwo ne ya ɗauke shi da damina. Abin da ya fi ba shi tsoro daga baya shi ne yadda maganar ta fito masa a sauƙaƙe, ba tuntuɓe.

Daga nan labarin ya riƙa riga shi isa duk inda za shi. Ya je Masar ya tarar da shi yana jiransa. Ya je Biyetnam ya tarar ya yi ƙiba: yanzu 'yan bindiga ne suka kashe uban a gona, yaron ya tsira ya riƙa kwana a tashar mota. Mansur bai faɗi wannan ba, bai kuma gyara ba.

Duk hutun ƙarshen kakar wasa yana zuwa gida. Ya sauka Funtua, inda ya gina gida ya auri Raudatu, 'yar wani mai gyaran injin niƙa, sannan ya kama hanyar Gozaki da mota cike da tsaraba. Ya durƙusa a zaure gaban mutumin da rabin duniya ta yi wa addu'ar rahama.

"An dawo lafiya? Madalla. A shiga a gaida su."

Shi ke nan. Ya rufa wa gidan kwano, ya sayi shanun huɗa masu kyau, ya haƙa rijiya a tsakar gida. Mutanen gari suna cewa Malam Rabe ya haifi ɗa. Shi kuwa Mansur ba ya iya cin tuwon Inna ya ƙoshi. Yakan yi kwana kaɗan ya ce koci na nemansa.

Biyetnam ce ta fi karɓarsa. Ƙasar shinkafa ce da manoma, idan motar ƙungiya ta ratsa karkara yakan ga tsofaffi duƙe cikin ruwa sai ya kawar da kai. A kakarsa ta biyu ya fi kowa zura ƙwallo a rukuninsu. Ƙungiyar ta shirya ɗan fim don karrama shi, da kiɗa mai sanyi, da hoton wata bukka da ba a san ta ina ba ce, da shi kansa yana ɗaga yatsa sama. Suka sa rubutun Turanci a ƙasa don duniya ta gani. Duniyar kuwa ta gani. Wani mai shafin labaran wasanni da Hausa ya tsince shi, ya ɗora muryarsa a kai, ya ba shi suna: marayan Katsina da ya zama sarkin raga a ƙasar waje. Ya ma ambaci Gozaki.

Mansur ya fito daga atisaye da hantsi, gumi bai bushe masa ba, ya ga saƙon murya daga Zaituna. Dogo ne, ita kuwa ba mai dogon saƙo ba ce. Ya zauna a kan ciyawa ya kara waya a kunne.

Ta ce Gwaggo Mero ce ta fara isowa daga Maska a kan acaɓa, tun daga bakin gari take kuka, gyalenta na jan ƙasa, tana cewa wane irin zumunci ne wannan da za a binne ɗan uwanta ba a gaya mata ba. Jikanta ne ya nuna mata a waya, ba ta tsaya jin yaushe aka ce ya rasu ba. Ta faɗo tsakar gida ta tarar da Baba zaune kan tabarma yana tsintar barkono. Ta yi salati ta zube, sai da aka yayyafa mata ruwa. Kafin azahar abokan cinikinsa na kasuwar Danja suka cika ƙaramar bas suka zo. Inna ta ɗora tukunya, don baƙo baƙo ne ko da me ya zo. Baba ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, ya karɓi gaisuwar mutuwarsa da kansa, yana ce musu an gode, Allah ya ba da lada, Allah ya mai da ku gida lafiya.

Sai muryar Zaituna ta karye. Ta ce, "Yaya, ni abu ɗaya nake son sani. Me Baba ya yi maka?"

Ya saurari saƙon har ƙarshe, bai iya sake saurara ba, bai kuma iya gogewa ba. Da ya sami ƙarfin kiran gida, Inna ce ta ɗauka, kamar kullum, don Malam Rabe ba ya magana da ɗan farinsa a waya.

"Lafiya lau muke," ta ce. "An yi ruwa jiya. Yana gaishe ka."

Ya jira ta ƙara wani abu, ko zagi ne. Sai ta yi masa sallama ta ajiye wayar.

Daga wannan rana ƙafar hagu ta fara ƙin sa. Sai ya tsinci kansa shi da mai tsaron gida, maimakon ya buga sai ya nemi wanda zai ba. Wani ɓangare na zuciyarsa ba ya son ƙwallon ta shiga, don idan ta shiga filin zai ɗaga yatsa. Koci ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya mai da shi benci. Da kakar ta ƙare bai zo gida ba. Ya ce wa Raudatu akwai wata ƙungiya a Oman da ke son sa cikin gaggawa. Daga Oman ya wuce Bangladash, daga can ya tafi wasu tsibirai a tsakiyar teku inda filin wasan ke warin kifi, daga nan sai Nepal. Kowace ƙungiya ta fi ta bayanta ƙanƙanta. Masu kallon ƙwallo a Funtua suna yaba masa, suna cewa Bahago ya ga duniya, ba ƙasar da bai taka ba. Ba su san ba ganin duniya yake yi ba, hanyar Gozaki yake kewayewa. Raudatu ta haifi 'yarsu Adawiyya ba ya nan. Malam Rabe ne ya zo Funtua ya tsaya aka raɗa suna.

A Nepal, a wani fili mai tauri kamar daɓe, wani mai tsaron baya ya shigo masa ta gefe, ya ji gwiwarsa ta ba da ƙara. Likita ya ce jijiya ta tsinke, za a iya gyarawa ya yi tafiya, amma ƙwallon kuɗi ta ƙare. Ba sauran ƙasar da zai gudu.

Ya dawo Funtua da sanda. Gozaki ba wata tafiya ba ce, mai babur ma yakan je ya dawo kafin la'asar, amma sai da ya ajiye sandar, ya fara fita masallaci, ya fara tuƙa mota, bai je ba. Kullum gwiwa. Raudatu ce ta gaji. Wata safiya ta ajiye masa koko ta ce, "Baban Adawiyya, gwiwar nan tana kai ka gidan kallo. Inna ta aiko sau biyu. Ni na rasa abin da zan ƙara ce mata."

Ya tafi. Tun daga Funtua yake shirya maganar da zai yi, ya jera ta tsaf. Ya tarar da uban a ƙofar gida yana tufka igiya. Gemun ya yi fari fat, wuyan ya rame. Mansur ya durƙusa duk da gwiwar na sukarsa.

"An dawo? Ya ƙafar? To, Allah ya ƙara sauƙi. A shiga a gaida su."

Kafin ya miƙe sai ga wani tsoho, sa'an Malam Rabe, ya biyo ta hanyar da jakinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Marigayi, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Malam Rabe, bai ɗago daga igiyarsa ba. "Ya kuke fama da duniya?"

Tsohon ya yi dariya, sai ya lura da wanda ke durƙushe, dariyar ta tsaya masa a wuya, ya kaɗa jakinsa ya wuce. A nan Mansur ya gane sunan da uban nasa ke amsawa ke nan a gari shekara da shekaru, a masallaci, a kasuwa, a wurin ɗaurin aure. Maganar da ya shirya ta watse. Ya shiga ciki ya gaida Inna, ya sha fura, ya koma Funtua kafin la'asar.

Bayan Babbar Sallah tsohuwar ƙungiyarsa ta Malumfashi ta shirya wasan karrama shi. Ya so ya ƙi, amma tsohon kocinsa ya zo har gida, mutumin da ya fara biya masa kuɗin mota daga Gozaki, ba yadda za a yi ya ce masa a'a. Aka kafa rumfuna, aka kawo makaɗa, filin ya cika har kan katanga. Aka zaunar da Mansur a gaba, kusa da babban baƙo, wani mai faɗa a ji a harkar wasanni da aka gayyato daga Katsina. Mutumin bai san Mansur ba sai a waya.

Ana cikin jawabai Mansur ya hango shi. Can gefen rumfar talakawa, a tsaye cikin samari, da farar riga mai guga da lema a hannu. Malam Rabe, wanda bai taɓa taka filin ƙwallo ba. Daga baya Zaituna ta ce ba wanda ya gayyace shi, da safe kawai ya ce wa Inna ta fito masa da rigar Sallah.

Babban baƙo ya miƙe. Ya iya magana. Ya lissafa ƙasashe, Sudan, Tunisiya, Moldoba, Masar, Biyetnam, kowace ya ambata sai a yi tafi. Ya ce wa matasa su yi koyi. Sannan ya sassauta murya ya ce abin da ya fi burge shi, wannan bawan Allah ya yi duk wannan ne ba uba. Ya roƙi jama'a a yi wa mahaifinsa Fatiha, Allah ya kai haske kabarinsa.

Mutanen Malumfashi da ba su san komai ba suka ɗaga hannu. 'Yan Gozaki da suka zo da yawa suka fara kallon juna. Wani ya tuntsire da dariya, wani ya buge shi. Kawuna suka riƙa juyawa wajen farar rigar nan. Mansur ya ga ubansa ya maƙale lema a hammata, ya buɗe tafukansa kamar kowa, leɓɓansa na motsi, ya karanta har ƙarshe, ya shafa a fuska.

Mai gabatarwa ya miƙo wa Mansur makirufo.

Ya karɓa. Ƙarfen ya yi ɗumi da hannun wanda ya riga shi. Abin da ake bukata bai wuce ya nuna da hannu ya ce ga Babana can ba. Ya dubi babban baƙon da zai kunyata, ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa, ya dubi kocinsa. Sai ya ji bakinsa yana godiya ga Allah, da ƙungiya, da manyan baƙi, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Ya mayar da makirufo. Aka yi tafi.

Aka sa shi a fili don ya taɓa ƙwallo ko kaɗan ne. Yaran da ke tsaron baya suna buɗe masa hanya da gangan, duk da haka bai ci ba. Ya ɗaga hannu aka canza shi, ya zare ta bayan rumfa da rigar wasan a jikinsa, ya shiga mota. A bakin hanyar Kafur ya sami ubansa, tsaye a inuwar lemarsa yana jiran mota.

Mansur ya fito ya buɗe masa gidan gaba. "Baba, in kai ka."

Malam Rabe ya naɗe lema ya shiga. Ba su taɓa zama su biyu kaɗai a wuri ƙarami haka ba. Suka bar gari. Masara ta yi kai a gonaki dama da hagu, wasu suna zuba taki. Uban yana kallon gonakin ta taga, yana ɗan gyaɗa kai idan ya ga wadda aka yi wa aiki.

Sun yi nisa kafin ya yi magana, kuma gilashin gaba yake kallo.

"A can ɗin da aka ce na mutu, me ya kashe ni?"

Mansur ya gyara riƙon sitiyari. Ya rage gudu. "Baba..."

"Tambaya na yi. Kowa ya zo da nasa, ban san wanne ne naka ba."

"Ni ciwo na ce. Da damina. Daga baya su suka mai da shi 'yan bindiga."

Malam Rabe ya jinjina kai. "To, Allah ya sa ta ciwon ce. Ta fi sutura."

Mansur ya gangara gefen hanya ya tsaya, don ba ya ganin gabansa. Ya kifa kai a sitiyari. Ya ce, "Baba, ka yafe mini," ko kuma wani abu mai kama da haka, don muryar ba ta fita sosai ba.

Uban ya bar shi har ya lafa. Sannan ya ce, "Ni ban riƙe ka ba. Da ka ce musu ubanka talaka ne, gaskiya ce. Da ka ce bai taɓa sakar maka fuska ba, ita ma ba zan musa ba, haka muka tarar, haka aka yi mini. Amma ita uwarka, da aka zo mata gaisuwa mijinta na zaune, ta yi wata ba ta fita ko biki ba. Can za ka kai wannan maganar." Ya gyara zaman hularsa. "Mu je, kada la'asar ta same mu a hanya."

Ya kai maganar wurin Inna a ranar. Ta saurare shi tana tankaɗe, ba ta dube shi ba, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, sannan ta tambaye shi ko an sa Adawiyya makarantar allo.

Bayan kwana biyu ya nemi ya ɗauki bidiyo shi da uban don a gyara labarin. Malam Rabe ya ce shi ba abin nuni ba ne. Mansur ya yi shi kaɗai, a tsakar gidansa na Funtua, ya faɗi abin da ya faru ba ƙari. Waɗanda suka kalla ba su kai rabin rabin na farkon ba. A cikinsu ma wasu suka ce yanzu ne yake ƙarya, yana neman suna ne tunda ƙwallo ta ƙare.

Yanzu yana Funtua. Yana horar da wata ƙaramar ƙungiya da yamma, da damina kuma yana noma masara da waken suya a gonar da ya saya a hanyar Bakori. Mutane suna girmama shi, ana kiransa Koci. Idan baƙi suka nemi ya ba su labarin ƙasashen da ya je, yakan ba su na abinci da na sanyi, ya tsaya a nan. Ranar Juma'a yakan je Gozaki.

Bara da sanyi Malam Rabe ya kwanta ciwo na gaske, ciwon haƙarƙari, har aka kawo shi asibiti a Funtua. Mansur ne ya yi jinya, shi ke juya shi, shi ke riƙe masa kofi. Allah ya sa da sauran kwana, tsohon ya tashi. Amma a kwanakin da yake kwance 'yan uwa suka riƙa bugo waya daga Maska, da Danja, da Kafur. Mansur yakan ɗauka ya ce da sauƙi, ya ci abinci, har ya zauna. Sai a yi masa sannu da ɗawainiya cikin ladabi, sannan a ce, "Zaituna na kusa?"

Labarin lafiyar uban sai an ji shi daga wani bakin kafin a yarda. Tun yana jin zafin abin har ya daina jira a tambaya. Da ya ga lambar wani daga cikin dangi, sai ya fita baranda inda ƙanwarsa ke zaune da kwanukan abinci, ya miƙa mata wayar, ya koma ciki wurin tsohon.